Yadda Ake Haɗa Agogon Lantarki Mai Lambobi Huɗu da Gano Inda Ya Samu Matsala

Ƙaramin agogon nan da ake sayarwa a warwatse cikin leda, domin mutum ya haɗa da hannunsa, yana daga cikin kayan da suka fi dacewa da mai koyon aikin lantarki, ko ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, ko kuma yaron shago ne a wurin masu gyaran waya a Gusau. A cikin ledar akan tarar da allo, wato farantin da ake liƙa kayan a kansa, da fuska mai nuna lambobi huɗu, da IC guda biyu, wato ƙananan na'urori masu ƙafafu da yawa, babban shi ne ƙwaƙwalwar agogon, ƙaramin kuma mai ƙafa 8, wanda galibi DS1302 ne, shi ke riƙe lokaci. Akwai kuma kiristal mai 32.768 kHz, wanda bugunsa ake ƙirga lokaci da shi, da rizistoci masu rage ƙarfin wuta, da kafasita mai ajiye 'yar wuta, da maɓallai, da gidan ƙaramin batir. Wutar da yake buƙata volt 5 ce, irin wadda cajar waya ko fawa-bank ke bayarwa.

Kafin a jona ƙarfen liƙi, a zube kayan a kan faranti, a auna kowace rizista da mitar awon lantarki, domin launukan jikinta da ke nuna ƙarfinta sukan rikita ido, musamman ja da ruwan lemo. A fara liƙa kayan da suka fi gajarta, wato rizistoci da kiristal, sannan soket ɗin da ake zaunar da IC a ciki, sannan maɓallai da kafasita, a bar fuskar ta zo ƙarshe. Dalili shi ne, a wasu allunan fuskar tana rufe wuraren liƙin wasu kayan, kuma cire abu mai ƙafa 12 bayan an liƙa shi aiki ne da kan ɓata allo.

Liƙin kansa shi ne inda ake cin jarrabawa ko a faɗi. Dalma mai haɗin 60/40, wato kashi 60 kuza ne, kashi 40 kuma dalma zalla, tana narkewa a wajen digiri 190, amma ƙarfen yana son zafin da ya kai digiri 330 zuwa 350. A ɗora bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar kayan da zoben tagullar allon a lokaci guda, a kawo dalmar ta ɗaya gefen, a bari ta malala da kanta, a janye cikin daƙiƙa biyu ko uku. Liƙi mai kyau yakan yi sheƙi, ya hau ƙafar kamar ɗan tsauni. Wanda ya dunƙule ya yi duhu bai kama ba, ko da ido ya ga kamar ya kama. Kiristal ba ya jure zafi, saboda haka kada a daɗe a kansa.

Rizista da kiristal ba su da gaba ko baya, amma kafasita mai siffar gwangwani tana da zane a gefen ƙafarta ta negatif, IC kuma yana da ɗan gibi a kai wanda dole ya fuskanci gibin da aka zana a allo. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, ya kamata mutum ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya ɗauki IC, domin wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe shi. Kada a saka IC a soket sai an ba allon wuta an tabbatar da mita cewa volt 5 ta iso.

Idan agogon ya ƙi aiki, masu koyo sukan yi saurin cewa IC ɗin ne ya mutu, alhali a ganina shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. Fuskar da kanta tana faɗin inda ciwon yake, ga wanda ya san yadda aka tsara ta. Kowace lamba sanduna 7 ce da ɗigo, kuma an haɗa sanda iri ɗaya ta dukkan lambobin a kan layi guda, sannan kowace lamba tana da ƙafarta ta musamman: ƙafa 8 da ƙafa 4 ke nan. Don haka idan sanda ɗaya ta mutu a dukkan lambobi huɗu, matsalar tana layin wannan sandar, sai a bi shi da mita daga fuska zuwa rizista zuwa IC. Idan kuwa lamba guda ce ta mutu gaba ɗaya, a duba ƙafarta, ko tiranzistar da ke kunna ta idan allon yana da ita. Sanduna biyu da kullum ke kamawa tare alama ce ta dalma ta haɗe ƙafafu biyu maƙwabta, kuma jan bakin ƙarfe mai tsabta a tsakaninsu yakan raba su.

Agogon da ya kama amma lokaci ba ya tafiya, a duba liƙin kiristal a ƙafa ta 2 da ta 3 na DS1302. Wanda kuma ke manta lokaci duk sa'ad da aka ɗauke wuta, a auna ƙaramin batirinsa, a ga ko volt 3 ɗinsa tana kaiwa ƙafa ta 8.