Darasi na 7: Ɗan abin marmari ga karen gida

Yawancinmu don gadi ko farauta muke ajiye kare, kuma abincinsa bai wuce ƙanzo da sauran tuwo ba. To, dabbar da ke kwana a farke don kai ka yi barci ta cancanci ɗan abin marmari. Mun san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa.

Da kaka dankalin Hausa yakan yi araha a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Sayi ƙwara 3 ko 4, ka wanke, ka dafa da ruwa zalla, amma kada ya yi luguf. Yanka shi falle-falle, kaurin ɗan yatsa, ka jera a faifai. Ɗora shi inda awaki ba za su kai ba, ka rufa masa tsohon mayafi saboda ƙuda da ƙura. Iskar hunturu ce za ta ƙarasa aikin cikin 'yan kwanaki. Idan ka lanƙwasa ka ji ya yi tauri kamar kilishi, ya yi ke nan. Zuba a gwangwani mai murfi. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ce ai kare ne, domin fumfuna na iya lalata masa hanta. Kabewa ma ana iya ba shi, sai dai ita a dafa ta sosai, a murje, a ba shi cokali 2 a ranar.

Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, kare yana shan wuya, don ba ya gumi kamar mu, haki yake yi. A yanka masa kankana, a cire 'ya'yan da ɓawon. Amma ruwan randa a inuwa ya fi masa komai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne Babbar Sallah. Yara sukan jefa masa soyayyen nama da ƙasusuwa, su a ganinsu alheri ne. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata masa jini, ko ɗanye ko dafaffe. Gara ka tafasa masa ɗan huhu ko hanta, babu gishiri, babu yaji, babu magi. Goro, cakulan da inabi kuma, sam, guba ne gare shi.

Abin marmari kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na abincinsa na yini. A ware masa kwanonsa daban, a wanke hannu da sabulu bayan an ba shi.

Aikin gida: Rubuta abubuwa 3 da ba a ba kare, ka karanta wa yaran gidanku kafin darasi na gaba.