Darasi na 9: Yadda ake cewa "ina so ka yi" da Turanci

Idan Bahaushe yana son wani ya yi abu, sai ya ce, "Ina so ka zo gobe." Masu koyon Turanci da yawa sukan ɗauki jimlar nan su juya ta kalma bayan kalma, su ce *I want you come* ko *I want that you come*. Wanda ya yi zaman Legas ko Fatakwal kuwa yakan ce *I want make you come*. Wannan Turancin buroka ne. Yana biyan buƙata a tasha, amma ba a rubuta shi a wasiƙa. Daidai shi ne *I want you to come tomorrow*. 'Yar kalmar nan *to* ba a barin ta a baya.

Sai a kula da wakilin suna. Bayan *want* ba a sa *he, she, we, they*, sai *him, her, us, them*. "Ina so ya biya" shi ne *I want him to pay*. "Ba na so su tafi" kuma *I don't want them to go*.

*I want* tana da kaushi, kamar umarni. Ga yaron shagonka babu laifi. Ga likita, ko ma'aikacin banki, ko wanda ya girme ka, ka ce *I would like you to*. Ko tela ma ya fi jin daɗin *I would like you to finish it before Sallah*, ko da yake wannan ba ya hana shi saɓa alkawari.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne *would rather*, wato "na fi so". Dubi wannan: *I would rather you came on Monday*. Litinin ba ta zo ba tukuna, amma an sa *came*, ba *come* ba, kuma babu *to*. Kada wannan ya ruɗa ku, domin mu ma muna yin irinsa. Idan muka ce wa mutum "Da ka bari sai gobe," ai ba labarin jiya muke ba shi ba, shawara ce cikin ladabi. Haka *came* take aiki a nan.

Akwai kuma gajeriyar amsa mai amfani. Wani ya tambaye ka ko zai iya shan taba a cikin motarka, ba ka so, kuma ba ka son gwale shi. Sai ka ce *I'd rather you didn't* (*I'd* taƙaitaccen *I would* ne). Kowa ya gane a'a ce.

Aikin aji: kowa ya juyo ga na kusa da shi, ya faɗi waɗannan da Turanci, sannan a rubuta a littafi.

1. Ina so ta sayo shinkafa.
2. Ba na so ku makara.
3. Na fi so ka biya yau.

A jimla ta 3, a duba ko an rubuta *pay* ko *paid*.