Yadda mai farfaɗiya zai riƙe maganinsa a wannan rayuwa ta Legas

Jama'a maganar farfaɗiya nake so mu yi, don a Agege da Mile 12 da Idi-Araba akwai 'yan uwanmu masu ita da yawa amma ana ta ɓoyewa, an fi yarda a ce iska ce ko sammu aka yi wa yaro. Ciwon ƙwaƙwalwa ne fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da shi, kuma wajen kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ɗora su a kan maganin da ya dace.

Ga abin da ke faruwa a cikin kan. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki da wasu sinadarai suke aika wa juna saƙo, manyan ciki biyu ne, gulutamet mai zuga su su harba saƙo, sai GABA mai ce musu ku dakata, kamar dai totur da birki a danfo. In zugin ya yi yawa ko birkin ya yi sanyi sai ƙwayoyi masu ɗimbin yawa su harba lokaci guda, shi ne za ka ga mutum ya sandare ya hau jijjiga, wani ma ba ya faɗuwa, ƙura ido kawai zai yi yana motsa baki bai san inda yake ba. To maganin fenobabiton, wanda ake amfani da shi tun 1912, GABA yake ƙara wa ƙarfi, shi kuma Tegretol, wato kabamazefin, rage shigar sinadarin sodiyam cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa yake yi don kar ta yi ta harbi ba tsayawa. Akwai Epilim da Keppra, kowanne da irin farfaɗiyar da ya fi dacewa da ita, shi ya sa ba a aron na maƙwabci.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne maganin nan yana aiki ne kawai muddin yana cikin jini daidai gwargwado, kullum. Ka tsallake ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta koma gidan jiya. Wanda ya daina sha farat ɗaya don ya ga wata shida bai faɗi ba, shi ya fi shiga haɗari, don jijjigar na iya dawowa ta ƙi tsayawa. Likita ne ke rage shi a hankali in lokaci ya yi.

Fara da asibiti, ba kemis ba. Akwai LUTH a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, kuma don Allah zuwa Yaba ba ya nufin an haukace. Ku tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, in an ɗauki bidiyo a waya ma ya fi, don shi mai ciwon ba ya tuna komai. Za su iya yin gwajin EEG, wato na auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa.

Sai lokacin sha. Ka tambayi likita ko za ka iya haɗa shi da salla, misali bayan asuba da bayan magariba, ka sa alam a waya. Ka riƙa fita da na yamma a aljihu, wa ya san ƙarfe nawa go-silo zai sake ka daga Apapa ko Oshodi? Kar ka jira sai ya ƙare, saura na sati ɗaya ka je ka sayo, a babban kemis, ka duba lambar NAFDAC, na masu talla a bas kam ko kyauta ne kar ka karɓa. In za ka gida Arewa hutun Salla ka tafi da isasshe. Ka manta ka sha? Kar ka haɗa biyu da kanka, ka tambayi likita tun yanzu yadda za ka yi.

Rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, kuma nan ne matsalarmu, mutum ya kwana gadi da safe ya fita dako. In da hali a nemi aikin rana. Tiramol kuwa wallahi guba ne ga mai farfaɗiya, ko lafiyayye yana iya jefa shi jijjiga balle kai, giya ma haka. Zazzaɓi ya kama ka kar ka yi wasa da shi. Azumi kuma a zauna da likita kafin watan ya kama a gyara lokacin sha, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Kafin faɗuwar ta tsaya, a haƙura da okada da tuƙi da hawa gini da tsayuwa kan wutar tsire ko bakin rijiya. Mata masu shan Epilim da ke son haihuwa su gaya wa likita kafin cikin ya shiga don yana iya cutar da jariri, amma kar su daina da kansu. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, in kuma ƙuraje suka feso bayan fara shi a garzaya asibiti ranar.

In wani ya faɗi a gabanka, kawar da abin da zai ji masa ciwo, sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka duba agogo. Kar a danne shi, kar a cusa cokali a baki, kar a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu, shaƙewa zai yi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, ku daina gudu. Da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko a ruwa ya faɗi, a kira 112 ko 767 ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa.