Yadda ake shirya gidan ƙasa tun kafin marka ta sauka

A ƙauye in ka ji an ce ɗaki ya rufta wa mutane to sau da yawa cikin dare ne kuma cikin watan Agusta, ba ruwan farko ne ke kayar da gini ba, marka ce, wannan ruwan da zai kwana biyu uku yana zuba a hankali babu tsawa babu iska har sai ƙasar ginin ta sha ta ƙoshi ta koma kamar ƙullun ƙosai. Duk wanda ya zauna a yankin Ringim ko Auyo ko Kafin Hausa a 2022 ba sai an ba shi labari ba, shekarar sama da mutum 600 ambaliya ta kashe a faɗin Najeriya. Amma fa a raba abu biyu. In kogin Haɗeja ya yi toroƙo ya fito, wannan ba abin da yaɓe zai maka sai dai ka kwashi iyali ku hau tudu. Gidajen da ni na gani sun zube da idona kuwa yawancinsu ruwan saman rufinsu ne ya ci su, ko ruwan rariyar maƙwabci da ya rasa hanya ya kwanta a gindin bango. Wannan kam da hannunka za ka iya tare shi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Lokacin aikin bazara ce, Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da ƙasa za ta bushe da wuri kuma magina ba su tafi gona ba tukun. Da zarar an yi shuka ka nemi magini ka rasa, wanda ka samu ma sai ya ja maka rai. To abu na farko ba kuɗi yake ci ba, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kar ka kwanta, saka buhu a ka ka fita ka bi ruwan da ido tun daga kan rufi har inda ya fice daga unguwa. Ina ya taru, ina ya tsaya, wane bango yake duka, ka sa alama da gawayi. Wallahi minti goma na wannan zagayen ya fi shawarar mutum biyar da ba su taɓa ganin gidanka cikin ruwa ba.

Daga nan sai rufi. In soro ne ka hau ka share shi tas, ka tuge ciyawar da ta tsiro bara don saiwarta ita ke buɗe wa ruwa hanya, ka cike duk wani kwari da ya lotsa saboda ruwa ya gangara wajen indararo kar ya zauna. Indararon nan shi ne rabin maganar. Sau da yawa sai ka tarar tsuntsu ya yi sheƙa a ciki ko leda ta toshe shi ko ya yi tsatsa ya ɓule daidai inda ya shiga bango, ruwa na bin cikin ginin kana ɗaki ba ka sani ba. Ya zama ya fito da tsawo sosai yadda ruwan zai faɗi nesa da bango, inda yake zuba kuma a sa dutse ko fasassun bulo don kar ya haƙa rami. Sai ka shiga ɗaki ka ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da ƙotar fartanya, wadda ta yi ƙarar holoƙo ko ka ga garin itace na zubowa to gara ta gama da ita, canza ta ko a tokare ta kafin rufin ya sha ruwa ya yi nauyi. Mai rufin kwano shi nasa matsalar iskar farkon damina ce, a bi ƙusoshi a ƙara, a duba raftar da ta ruɓe, a ɗaure katakon da bango da waya ko ƙarfen ɗauri, dutse da tsohuwar taya da muke jibgawa a sama suna taimakawa amma in iska ta shiga ta ƙasa har su take ɗauka. Mai jinka kuma ya san baibaya, ba sai na koya masa ba, ya dai tanadi shuci da wuri.

Bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka. Tsaga ba a shafe ta daga sama kawai, a ɗan buɗe ta a jiƙa a cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa har ciki sannan a yi yaɓe, ƙasar kuma a bar ta ta kwana biyu uku a jiƙe ana takawa, wadda aka kwaɓa yau aka yaɓa yau tsagewa take yi. Iyayenmu da makuba suke gamawa, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, shi ke sa yaɓen ya yi ja-ja ya ƙi shan ruwa, masu hali a birni kuma laso suke sawa a soro wanda ake haɗawa da katsin marina. Yanzu kowa siminti yake so, ni kuma ina da ja a nan. Filastar siminti a kan bangon ƙasa ba sa riƙe juna sosai, bayan shekara biyu uku sai ta saki ta yi kumburi, ruwa ya shiga ta bayanta ya kasa fita, daga waje bango fes daga ciki ya narke. Na ɗakin kawuna haka ya yi, muna ganin filasta lafiya lau, ranar da ya zube sai ga cikinsa jagab. In za ka yi ta to ka riƙa bi kana ƙwanƙwasawa duk shekara, inda ya yi ƙarar fanko a fasa a gyara. In buhu ɗaya ko biyu kawai kake iya saya, ni dai a gindin bango zan ce ka kashe su, a yi dakali ko ɗan tudu mai gangara a zagaye ginin musamman ɓangaren gabas inda ruwa da iska suka fi duka, domin bangon ƙasa ta gindi yake mutuwa. Kuma don Allah a daina tara toka da juji da turken awaki a jikin bango, danshi suke riƙewa.

Tsakar gida ya kamata ta fi waje tudu, ɗaki kuma ya fi tsakar gida. Shekara da shekaru ana shara ana kwashe ƙasa sai ka ga gidan ya koma kwari ba a lura ba, lungu kuma yana ta hawa saboda shara. A zuba ƙasa ko burji a daddaɓe, a ɗaga dokin ƙofa, a buɗe rariya a faɗaɗa ta. A nan ne rigima take, don ruwanka dole ta ƙofar wani zai bi. Kar ka jira sai ana tsakar ruwa ku fito da fartanya kuna zage-zage, tun yanzu ka je ka same shi, Malam wane ga yadda ruwan nan ke yi mana ya za mu yi, in abin ya fi ƙarfin mutum biyu a kai wa mai unguwa a sa ranar gayya a yashe lambatu da kwalbati har zuwa kududdufi. Kududdufin nan da ake cikewa ana yanka filaye a kai, shi ne ma'ajiyar ruwan gari, an cike shi ruwan kuma bai fasa zuwa ba. Wanda gidansa ke bakin hanyar ruwa ya cika buhunan taki da yashi ya ajiye, a cika su rabi da ɗan ɗoriya don su kwanta da kyau, a jera kamar jeren bulo.

Rumbu a duba duwatsun da yake kai da hularsa. Buhunan hatsi na ɗaki a ɗora su kan katako ko bulo a janye su daga jikin bango, takardun gona da na makarantar yara da katin asibiti a naɗe a leda biyu a rataye sama.

Sai rijiya da masai, wanda su ne ke kawo amai da gudawa in ruwa ya haɗa su. Bakin rijiya a ɗaga shi da siminti a yi masa murfi, guga a rataye ta kar a riƙa yar da ita a ƙasa cikin taɓo. Masai in za a haƙa sabo ya yi nesa da rijiya kamar mita 30 kuma ya kasance ta gangare da ita, tsohon da ya kusa cika ko bakinsa ya fara zaftarewa a rufe shi tun kafin damina, yara na faɗawa. In ruwan ambaliya ya shiga rijiya to ruwanta ya ɓaci ko da ya kwanta ya yi garau. Uwargida ki lura da nan, alimun yana kwantar da datti ne kawai baya kashe ƙwayar cuta, bayan ya kwanta sai an tafasa ko a sa sinadarin kulorin irin WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jiki a jira minti 30. Randa da murfi, moɗa guda mai hannu, kar kowane yaro ya zo ya tsoma nasa kofin.

Gudawa in ta kama yaro abin da ke kashewa ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka a sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinc a ajiye tun yanzu ba sai hanya ta yanke ba. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, zinc ɗin kuma kwana 10 zuwa 14 ko gudawar ta tsaya, nono kar a fasa. In babu ORS a gida, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri, kar a ƙara gishiri da sunan ya fi ƙarfi. Amma in kika ga zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa yana zuba ba tsayawa, ido ya faɗa, ko babba ne ko yaro, wannan alamar kwalara ce tana iya kashe mutum a wuni guda, a kama hanyar asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Sauro kuma daga ƙwai zuwa ya tashi kamar mako ɗaya zuwa kwana goma ne, shi ya sa bayan ruwa ya zauna da ɗan lokaci sai zazzaɓi ya cika gari. Duk abin da ke tara ruwa a kife shi, ramin da aka ɗebi ƙasar yaɓe a cikin gida a cike. Gidan sauro sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, tsohon da ya yage a ɗinke, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa, kuma haba jama'a a daina kai shi lambu ana rufe yabanya ko a ɗaure kaji da shi alhali yara na kwana a fili. Masu maganin rigakafin zazzaɓi da ke bi gida-gida da damina, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata suke zuwa, su ba da na ranar farko a gabansu su bar wa uwa na kwana biyu, to wannan na kwana biyun shi ake yawan jefawa a kwalla a manta, a ba da shi. Jiki ya yi zafi a je a yi gwajin nan na tsinken yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, in maleriya ce a sha maganin kwana ukun nan duka ko an ji sauƙi a rana ta biyu. Yaron da ya fara jijjiga ko ya kasa shan nono ko tafin hannunsa ya yi fari fat, kar a tsaya hayaƙi da cewa iska ce, kar a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mashin. Mai ciki ma zazzaɓinta ba na jira ba ne. Yara maza da ke wuni a kududdufi kuwa, bayan haɗarin nutsewa, can suke ɗebo tsargiya.

In marka ta sauka sai ka koma mai gadi. Kowace safiya da yamma ka zagaya ka taɓa bango, danshin da ya haura daga ƙasa ya kai gwiwa, sabuwar tsaga, ƙofar da jiya tana rufuwa yau ta ƙi, ƙasa na zubowa daga rufi, azara na ƙara, ko ɗaya ka gani a kwashe kowa daga ɗakin a daren nan, ba gobe ba. Gara a kwana a zaure ko masallaci ko makarantar firamare ana tsiyayar ruwa. A Zinder ta Jamhuriyar Nijar ma tsohon masallacin ƙasa da ya haura shekara ɗari a tsaye ruwan 2024 ya kayar da shi, balle ɗakin da aka gina shekara bakwai da suka wuce. Tun da rana a san ɗakin da ya fi ƙarfi a mayar da tsofaffi da ƙananan yara can, shimfiɗa a janye daga jikin bango, tocila da batir a kusa da kai, waya da caji, rediyo kuma a kunne don hasashen hukumar yanayi ta NiMet da sanarwar sakin ruwan dam, mu na kwarin Haɗeja ruwan Tiga da Challawa ne ke iso mana. In aka ce a tashi a kwance dabbobi tukun kar a bar su a turke, a san tudun da za a nufa, kar a ratsa ruwa mai gudu da goyo ko da iya gwiwa ne.

Ruwa ya janye kuma kar a yi gaggawar komawa ɗaki, bangon da ya jiƙe yana iya faɗuwa ko bayan ruwa ya ɗauke, a ba shi kwanaki a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga, magini ya duba. Kafin a ɗaga tabarma ko buhu ko a sa hannu a rumbu a fara zungura da sanda, macizai da kunamu su ma tudu suka gudo nema.