Babi na 6: Injin Gahawa Mai Niƙa da Kansa

A Nima da Mamobi da Sabon Zango, koko da ƙosai ne abin karyawarmu, da yamma kuma a zauna shan ataya. Amma da yawa daga cikin 'yan ajinmu suna aikin girki a gidajen East Legon da Cantonments, inda maigida ba ya fita sai ya kurɓi gahawa. Wasu kuma ɗansu ne ya aiko musu da injin daga Italiya ko Amurka, yana nan saman kabad cikin kwalinsa, kowa na tsoron taɓa shi.

A wannan babi gahawa za mu riƙa cewa. In ka ce "kofi" a Accra, wani zai miƙo maka abin shan ruwa, yaron maƙwabta da aka haifa ran Juma'a kuma ya amsa kira.

Kafin a jona wuta

Ku ɗaga injin, ku karanta lambar da ke ƙarƙashinsa. Wutar Gana bolt 230 ce. In kun ga 220 zuwa 240, babu damuwa. In kun ga 120, injin Amurka ne, kuma in aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi. Canza masa kan filogi ba ya maganin komai. Sai an sa masa taransifoma mai rage wuta, babba kuwa, domin irin wannan inji yakan ci wat 1,500 ko fiye. In aka ɗauke wuta, a zare filogi. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan dumso ta kashe kayan mutane da yawa.

Sunayen sassa

A sama akwai mazubi, inda ake zuba ƙwayar gahawa. Ƙarƙashinsa haƙoran niƙa suke, da maɓalli mai lambobi. A yawancin injuna, ƙaramar lamba gari mai laushi take bayarwa, babbar lamba kuma mai tsakitsaki. Sai ludayin ƙarfe mai mariƙi, da rariya a cikinsa. Sai madanni, da tankin ruwa a baya, da bututun tururi a gefe.

Haɗa esfireso

Esfireso gahawa ce 'yar kaɗan mai kauri. Injin ne ke tura ruwan zafi, wajen digiri 93, ya ratsa garin da ƙarfin tsiya. Ku kunna shi ya yi ɗumi tukuna, ku saki ruwa kaɗan ya ɗumama ludayin, ku goge shi ya bushe.

A niƙa giram 18 a babbar rariya. A baza garin da yatsa ya kwanta daidai, a danna da madanni a miƙe. Ba ƙarfin dambe ake nema ba, kada dai gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. A share bakin rariyar, a ɗaura ludayin, a danna maɓallin sakin ruwa, a fara ƙirga.

Abin da ake so ya sauka ninkin garin ne: 18 sau 2, giram 36, cikin sakan 25 zuwa 30. Zai fara ɗiga, sannan ya zubo siriri kamar zuma, da kumfa ruwan ƙasa a sama. Ƙaramin sikelin kicin da agogon waya sun isa. Awo da ido ne ke sa gahawar yau ta yi daɗi, ta gobe ta ƙi shayuwa.

In ta ƙi daɗi

Karanta wannan hira da murya. Wata budurwa ce ta dawo daga gidan aiki ranta a ɓace.

"Goggo, injin nan ya lalace. Uwargida ta ce gahawar tsami take yi kamar tsamiya."

"Ke 'yar nan, sakan nawa ta yi kafin kofin ya cika?"

"Ai ban ƙirga ba, Goggo. Shaa kawai ta zubo."

"To ba inji ba ne, niƙa ce. In kin tace gasara da kwando, me za ki samu?"

Goggo ta yi gaskiya. In garin ya yi tsakitsaki, ruwa wucewa yake yi a guje bai ɗebi komai ba, sai gahawar ta fito tsararo mai tsami cikin sakan 10 ko 15. Maganinsa a rage lambar niƙa. In kuma garin ya yi laushi kamar fulawa, ruwan ya rasa hanya, sai ya riƙa ɗiga da ƙyar, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Nan sai a ƙara lambar.

Abu biyu ke rikita sababbin hannu. Na farko, gaggawa: mutum ya juya lamba, ya ƙara gari, ya ƙara danni, duk a lokaci guda, in ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba. Abu ɗaya ake canzawa, a ɗanɗana. Na biyu, tsohon gari yana maƙalewa a cikin haƙoran. Bayan an juya lamba, a niƙa kaɗan a zubar, in ba haka ba kofin farko ƙarya zai faɗa muku.

Wani lokaci lambar daidai ce amma tsami da ɗaci sun haɗu a kofi ɗaya. Wannan danni ne ya karkace, ruwan ya fasa hanya ta gefe guda. In kuwa babu kumfa ko kaɗan duk yadda aka yi, ƙwayar ce ta tsufa. A riƙa sayen kaɗan, a adana a gwangwani mai murfi, a zuba wa mazubi na kwana biyu ko uku kawai.

Yanayin Accra ma yana da hannu. Lambar da ta yi daidai da damina, lokacin da iska ke cike da laima, ba lalle ta yi ba in hunturu ya shigo a Disamba. Gahawar da ake nomawa a yankin Volta kuma nau'in da ake kira robusta ce. Ta fi ɗaya nau'in, wato arabika, ɗaci da kumfa, kuma sinadarin hana barci da ke cikinta ya kusa ninka na arabika. Kada a ga laifin inji a kan halinta.

In maniƙa ta tsaya

In tana ƙara amma gari ba ya fita, ta toshe. Ƙwayar da aka soya ta yi baƙi tana sheƙin mai ita ta fi jawo haka. A zare filogi, a kwashe ƙwayar, a cire haƙorin sama, a share da busasshen buroshi. Ruwa ba ya shiga nan. In kun ji "ƙas" mai ƙarfi, ku kashe nan take, tsakuwa ce. Ƙwayar da aka saya a buɗe, a tsince ta a faranti kamar yadda ake tsince wake. Kada kuma a niƙa citta ko kanumfari a ciki, ko sau ɗaya.

Ruwa da madara

Farin ɓawon da kuke gani a cikin butar shayi yana taruwa a cikin injin ma, musamman da ruwan rijiyar burtsatse. Alamarsa ruwa ya rage gudu, zafi ya ragu. Ana wanke shi da maganin da littafin injin ya ambata. In ruwa na tsiyaya ta gefen ludayi, a goge robar da ke sama inda ake ɗaura ludayin, in ta tsage a sa sabuwa.

Madara mai sanyi ake hura wa tururi a kofin ƙarfe, a tsaya a digiri 60 zuwa 65, wato lokacin da tafin hannu ya kasa jure zafin kofin ƙarfen. A goge bututun nan take, a saki tururi kaɗan ya wanke cikinsa. Amma in injin ya ja hannu, ko ya yi warin ƙuna, a zare filogi a kai wa mai gyara.

Aikin gida

1. An niƙa giram 16. Giram nawa ya kamata ya sauka a kofi?
2. Gahawa ta ɗauki sakan 50, ga ɗaci. Rage lamba za ku yi ko ƙarawa?
3. Ku duba ƙarƙashin kayan wuta uku a gida, ku rubuto lambar bolt ɗin kowanne, ku zo da ita aji.