Iyo da gudu bayan shekara 40: wuraren da muke ta kwafsawa

Ranar da na fara haɗa iyo da gudu a tsere ɗaya, na fito daga ruwa na miƙe kenan sai duniya ta hau juyawa, na zube a bakin pisin kamar ɗan kokowar da aka yi wa kamun ƙafa, yaran da na haifi sa'anninsu suna ta wuce ni. Shekarata 46 lokacin. Na ɗauka tsufa ne, ashe ba shi kaɗai ba. In kana iyo a kwance kake, jini na can yana hidimar kafaɗu da hannuwa, da ka miƙe farat ɗaya sai ya gangara ƙafafu, kai ya rasa kasonsa, jiri kenan. Gyaransa ba wuya: mita 50 na ƙarshe ka ƙara bugun ƙafa, ka fito a hankali, takun farko-farko ka yi su da tafiya kafin ka ce za ka ruga.

Tushen matsalar ma shi ne yadda muke atisaye. Litinin iyo, Alhamis gudu wajen filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai, ba a taɓa haɗa su ba sai ranar gasa. To akwatilon, wato tseren nan da ke haɗa iyo da gudu, wanda hukumar World Triathlon ke kula da shi, tsarinsa iyo mita 1000 sai gudun kilomita 5, ko kuma in ruwan da ɗumi a yi gudun kilomita 2.5, iyo, a sake 2.5, kuma wallahi duk wahalar tana wajen canjin ne. Sau ɗaya a sati ka yi iyo mita 400, ka fito ka sa takalmi ka yi gudun minti 10, ka sake komawa in da sauran ƙarfi. Ƙafafu za su yi kamar an ɗaura musu buhun gero, da sannu suke sabawa.

Sai girman kai, wanda shi ne ciwonmu mu dattijai. Ana busa usur sai ka ga Alhaji ya bi yara ɗiban farko, kafin mita 100 haki ya kama shi ya rungume igiya. Bar su su tafi. Kuma da yawa riƙe numfashi suke cikin ruwa, sai sun ɗago kai su so fitarwa da shaƙa a lokaci guda, ba ya isa. Fitar da iska tun fuskarka na cikin ruwa, ɗagowa ta zama ta shaƙa kawai. Lissafin nan na 220 a cire shekarunka, ɗan 45 ya samu 175, kintace ne na iyakar bugun zuciya, yawancin atisayenka ya kamata ya zama can ƙasa, gudun da za ka iya hira da na kusa da kai.

Zuciya da huhu suna saurin farfaɗowa, agara da gwiwa kuwa ina, su a hankali suke tafiya. Nan ake jin ciwo. Kar ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudu a sati, ka bar kwana biyu na hutu, ka riƙa tsayawa bakin matakala kana ɗaga diddige kana saukewa. Ciwon agara da safe in ka tashi, ba abin daurewa ba ne.

Zafin Yamai kuma ba sai na faɗa ba, Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, gudu sai bayan sallar asuba. Abin da ba a lura shi ne ana zufa cikin ruwa ma, mutum ya fito iyo yana ganin ai a jiƙe yake bai sha komai ba. Ajiye gorarka bakin pisin, in zufa ta yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Da azumi ni bayan asham nake yi, kaɗan.

Masu zuwa kogi don kuɗin pisin ya yi yawa, na gane ku, amma akwai tsargiya, akwai dorina, ga jan ruwa. Wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, maganin na nan. Kuma kar a shiga kai kaɗai ko da ka iya.

Takalmi: jiƙaƙƙiyar ƙafa ba safa, kafin kilomita 2 ta yi bororo. Shafa man kaɗe a diddige da yatsu tun kafin ka shiga ruwa, sa igiyar roba maimakon ta ɗauri, kuma takalmin da ka sayo jiya, ko na gwanjo ne ko sabo dal, ba na ranar gasa ba ne.

Kafin duk wannan je a auna ka, hawan jini da sukari. Wani abokina sai da muka ja shi asibiti da ƙyar yana cewa shi lafiyarsa lau, aka samu jininsa ya hau, yanzu yana kan magani, likita ya yarje masa iyo da gudun sannu, kuma satin da ya wuce shi ya riga ni fitowa daga ruwa.