Yadda Za Ka Auna Masu Fafutukar Kare Yanayi da Ayyukansu

Duk shekara idan taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zo, jaridu kan cika da hotunan jiragen alfarma da suka kawo mahalarta. A Glasgow a 2021, Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, wanda shi ne mai masaukin baƙi, ya koma Landan a jirgin sama na haya, alhali jirgin ƙasa yana yin tafiyar cikin kusan sa'o'i huɗu da rabi. Mai ganin haka yana da dalilin yin tsaki, amma tsaki ba ya nuna masa wanda ya cancanci yarda, don haka akwai buƙatar ma'auni.

Fara da raba magana da mai maganar. Likitan da ke shan taba idan ya ce maka taba tana lalata huhu, halinsa ya zubar masa da girma, amma huhunka bai tsira ba. Hujjar ɗumamar duniya tana cikin awo, kuma tun 1958 ake auna iskar kabon a tashar Mauna Loa da ke Hawai, inda ta tashi daga kimanin kashi 315 cikin miliyan zuwa sama da 420. Kowane irin jirgi ɗan siyasa ya hau, wannan adadi yana nan yadda yake.

Bayan haka sai ka tambayi girman aikin da ya saɓa wa maganar, domin a nan ne mutane da yawa suke ɓata hankalinsu a kan ƙananan abubuwa. Tafiyar mutum ɗaya a jirgi tana da sauƙin ɗauka a hoto, lasisin haƙar mai kuwa takarda ce da ba ta jan ido, ko da yake hayaƙin da za ta haifar zai ɗauki shekaru talatin yana fita. Sultan Al Jaber ya shugabanci taron Dubai na 2023 a daidai lokacin da yake shugabantar ADNOC, kamfanin mai na gwamnatin Abu Dhabi, wanda ke shirin ɗaga ƙarfin haƙarsa zuwa ganga miliyan biyar a rana. Ƙasar Nowe ta cika titunanta da motoci masu amfani da lantarki, har kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 irinsu ne, amma ita ce kan gaba wajen haƙar mai da gas a Yammacin Turai, kuma hayaƙin abin da ta sayar ana lissafa shi ne a kan ƙasashen da suka ƙona. Jamus ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alƙawari a 2021 cewa za su daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙetare, sai ga shi bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022 ta dawo da wasu tashoshin kwal bakin aiki, shugaban gwamnatinta Olaf Scholz kuma ya je Senegal neman gas. A ganina, wannan shi ne baki biyun da ya fi cancantar fushin ɗan Afirka, tunda nahiyar da ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin duniya ita ake yi wa wa'azin haƙuri.

Idan aka yi alƙawari a gabanka, kada ka tsaya a kan daɗin lafazin. Nemi adadi da ranar cikawa, sannan ka bincika ko kuɗin kyauta ne ko bashi. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki sun ce za su riƙa tara dala biliyan 100 a shekara kafin 2020, amma OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da akasarin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 aka kai adadin, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne da za a biya. Haka nan kamfanin mai na BP ya sanar a 2020 cewa zai rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin ɗari kafin 2030, sai a 2023, bayan ya ci ribar da bai taɓa ci ba, ya mayar da adadin zuwa kashi 25. Alƙawarin da wa'adinsa yake 2050 ya fi kowanne arha, domin wanda ya yi shi ba zai kasance a kujerar ba ranar tambaya.

Ka kuma lura da wanda ke amfana idan aka mayar da muhawara kan halin ɗaiɗaikun mutane. BP ɗin nan ne, a wajen 2004, ya yayata lissafin hayaƙin da kowane mutum ke fitarwa da kansa, abin da ya karkatar da ido daga masu haƙa zuwa masu saye. Jarrabawar tsarki kuwa babu mai cin ta. Greta Thunberg, 'yar Suwidin mai fafutukar kare yanayi, ta ƙetare Tekun Atlantika a jirgin ruwa mai amfani da iska a 2019 don guje wa jirgin sama, amma an soke ta saboda wasu ma'aikatan jirgin sun yi tafiyarsu ta sama. Wanda ya ɗauki wahalar mako biyu a teku da wanda ya sa hannu a kan sabuwar rijiyar mai ba laifinsu ɗaya ba, kuma adalci shi ne a bambanta su.

Ma'aunin nan ya hau kan gida ma. Shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya yi alƙawari a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take cirewa daga iska kafin 2060, alhali dokar hana ƙona gas a sararin Neja Delta ba tare da izini ba ta fara aiki tun 1984, kuma wutar tana ci har yau. A taron Dubai an yi rajistar mutum 1,411 da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 ne ta ɗauki nauyinsu. Mai son bibiya zai iya duba rahoton da Bankin Duniya ke fitarwa kowace shekara kan ƙona gas, wanda aka gina a kan hotunan tauraron ɗan Adam, da kuma shafin Climate Action Tracker da ke kwatanta alƙawarin ƙasashe da manufofin da suke aiwatarwa.